Abokan Gadi

Filin Alhaji ne, a Rijiyar Zaki:
katanga huɗu, ƙofar langa-langa,
bulo ɗari uku sun yi gansakuka suna jiran magini.
Ni aka ba gadi.
Da ruwa ya sauka na ga ƙasa na zaman banza,
na ari fartanya, na ja kunya goma sha tara,
na binne masara.

Ta fito kore shar, ta kai gwiwa.
Wata safiya sai ga ganye ya koma rariya.
Na buɗa kan ɗaya, na leƙa:
kashi kamar dusar katako,
mai aikin na naɗe a ciki, ta ƙoshi, ko gezau.
Kwana nawa ina haska tocila a bisa katanga,
ashe ɓarawon na cikin kara.

Na zuba toka. Na zuba yashi.
Na matse har farcena ya rine.
In na kashe goma, gobe in tarar an ƙara.

Tanimu mai magani a Sabon Gari ya ɗaga mini kwalba,
ya faɗi kuɗi, na ji kamar mari.
Rabin albashi! Na ce ajiye, sai jibi.
Tun daga Bata har Kabuga ina ƙirga a yatsu,
lissafi ya ƙi karɓar gyara.

Ran Asabar 'yar ƙanwata ta kawo tuwo,
mai karatun noma a jami'ar da ke gaba da mu.
Ta dire kwano, ta shige kunyoyi, shiru.
Can na ji: "Kawu, zo, amma kar ka taɓa!"
Wata tsutsa ce a kwance, ta yi yaushi, ta bar ci,
gefenta wani ɗan farin abu
bai kai ƙwayar shinkafa ba, saƙaƙƙe kamar auduga.
Na kai yatsa zan murje,
ta riƙe ni, Barira.

Ta ce ƙanin zanzaro ne, bai fi sauro ba.
Uwar kan dira a bayan tsutsa,
ta soka, ta bar ƙwai, ta wuce.
Ɗan ya tashi a cikin ɓarauniya, yana cin ta da ranta,
in ya isa ya huda ya fito, ya saƙa ɗakinsa.
Ta ce feshi ba ya tambayar suna,
mai ɓarna da mai tsaro
tare yake kwashe su kamar shara.

Na tuna kakata tana nuna ɗakin laka a kusurwar zaure,
wai zanzaro ba ya haihuwa,
ɗan wani yake ɗaukowa ya mayar nasa.
Rabi ta gani, Allah ya jiƙan ta.
Wannan ba riƙo ba ne.
Tsigar jikina ta tashi, har na tausaya wa tsutsar,
kaɗan,
sai na dubi ganyena, na ce gara.

Ban koma wurin Tanimu ba.
Ba zan ce tsutsa ta ƙare ba, ta ci rabonta,
kunya uku na bakin ƙofa ba su yi goyo ba.
Sauran sun fid da gemu.
Da hantsi nakan tsuguna, in ƙura ido har ya kawo ruwa,
in hango ɗan baƙin ɗigo mai siririn ƙugu
yana bin ganye ɗaya bayan ɗaya,
ba tocila, ba usur, ba albashi.
Hakin gindin katanga na bar shi ban nome ba,
ta ce ruwan furensa suke sha.

Jiya Alhaji ya aiko direba:
bayan sallah za a fara.

Ni zan sami wata ƙofar in zauna.
Su fa, in siminti ya rufe ƙasa?
Na rasa wanda zan tambaya.
Na hura garwashi, na ɗora biyu,
ina juyawa, ina sauraron dare
yana motsi a ganyen masara.